Darasin Wannan Mako: Yadda Kwamfuta Biyu Ke Hira Ta Allon Arduino

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, da yawanmu mun ɗauka saƙo ba ya tafiya daga kwamfuta zuwa kwamfuta sai da data. A ɗakin kwamfuta guda, ɗan allo da bai wuce tafin hannu ba ya isa ya haɗa kwamfutoci su yi hira ba tare da intanet ba.

Sunan allon Arduino. An fara ƙera shi a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai. Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne Uno, wanda ya fito a 2010. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, kilobait 32 na ajiye shiri da kilobait 2 na aiki, amma ta ishe mu.

Kayan da ake buƙata su ne allon Uno, da allon Ethernet da ake ɗora masa a bisa, da rauta, da wayoyin sadarwa, da kwamfuta biyu. Allon Ethernet mai guntun W5100 yana karɓar haɗi huɗu a lokaci guda.

Ga yadda aikin yake. Kowace na'ura a cikin hanyar sadarwa tana da adireshin IP, kamar yadda kowace rumfa a kasuwar Jega take da gurbinta. Sai mu ba allon adireshi, misali 192.168.1.177. A adireshi ɗaya akwai ƙofofi masu lamba, kuma allon yana zaman jira a ƙofa ta 23, wadda aka ware wa tsohon tsarin nan na Telnet. Allon shi ne mai masauki, kwamfutocin kuma baƙi. Kowace kwamfuta za ta buɗe manhaja irin PuTTY, a rubuta adireshin da lambar ƙofar, sai ta shiga. Idan ta farko ta aika rubutu, allon yana karanta shi harafi bayan harafi, ya tura wa duk wanda ke haɗe da shi. Idan ta biyu ta amsa, haka zai yi. Shi ke nan hira ta ƙullu. Shirin da ke yin wannan yana cikin misalan da ke zuwa da manhajar Arduino, ba sai an saya ba.

Wurare uku ne aka fi tuntuɓe. Na farko, a irin wannan ƙaramar hanya dole lambobi uku na farkon adireshin su zama iri ɗaya a duk na'urorin, ta ƙarshe kaɗai ke bambanta. Na biyu, kada na'ura biyu su ɗauki adireshi guda. Na uku, idan ana kallon saƙon ta wayar USB, saurin da aka sa a shirin, misali 9600, shi za a zaɓa a kwamfuta, in ba haka ba rubutun zai fito a hargitse. Mu kuma kiyaye: Telnet ba ya ɓoye saƙo, don haka ba a aika kalmar sirri ta cikinsa.

Mene ne amfanin wannan gare mu a Aliero? Garinmu ya yi suna da albasa, kuma manomi ya san zafi da laima ne ke ruɓar da ita a wurin ajiya. Allon da ya iya isar da "sannu" zai iya isar da awon zafi. Idan aka haɗa masa ma'aunin zafi da laima a rumbun albasa, mai kaya zai tambaya daga kwamfutarsa, allon ya amsa. Wayar Ethernet tana kaiwa mita 100. Inda jan waya ke da wuya, akwai allon ESP32 mai Wi-Fi a jikinsa.

Ga mai son zurfafawa, jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a nan Aliero a 2006 tana ƙofar gidanmu, kuma lissafi da fiziks ɗin da muke yi a aji su ne tsanin shiga.

Tambayar mako: allon yana 192.168.1.177, kwamfuta kuma tana 192.168.0.5. Me zai hana su hira, kuma yaya za a gyara? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.