Gasar Wasan Kwamfuta da Matsalar Aikatau "Gano"

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan aikatau guda ɗaya da yake yawan ba mu wahala, mu da muka koyi Hausa a aji. Zan yi amfani da misalin gasar wasan kwamfuta ta intanet, domin da yawa daga cikinmu mun san yadda ake yin ta.

A wasanni irin su Age of Empires II, wanda ya fito a 1999, ana iya karawa tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowace da 'yan wasa har huɗu, kowa yana zaune a gaban kwamfutarsa a garinsu. Da farko taswirar duk duhu ce. Sai ɗan wasa ya tura ɗan leƙen asiri, duk inda ya taka wurin ya yi haske, a ga zinariya ko itace ko sansanin abokan karawa. Mu ƙaddara an shirya irin wannan gasa an gina ta a kan tafiye-tafiyen David Livingstone, aka ce ɗalibi ya rubuta rahotonta da Hausa.

Kalmomin gasar ba su da wuya, masu sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo sun riga sun share mana hanya: zagayen farko, maki, wasan kusa da na ƙarshe, an yi waje da su. Shi kuwa Livingstone ɗan mishan ne, mutumin Sikotilan, an haife shi a 1813, ya iso kudancin Afirka a 1841. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin bayyana abin da ya yi.

Bisa rabe-raben Parsons (1960), "gano" yana cikin aji na shida na aikatau, wato masu ƙarewa da wasalin -o, kuma daga "gani" ya samo asali. Ga yadda ake amfani da shi:

(1) Audu ya gano akuyarsa da ta ɓata.
(2) Likita ya gano cutar da ke damun yaron.

A duk jimlolin biyu akwai abin da yake ɓoye kafin a kai gare shi. Saboda haka idan mai rahoto ya ce "ƙungiyarmu ta gano ma'adinin zinariya a minti na uku", ya yi daidai, domin a cikin wasan wurin a rufe yake, ba wanda ya san da shi. To, amma a duba wannan:

(3) Livingstone ya gano magangarar ruwan Biktoriya a 1855.

Ta fuskar nahawu ba ta da aibi. Ta fuskar ma'ana kuwa, a ganina, ta ɗauko duhun taswirar wasa ta shimfiɗa a kan ƙasar da take cike da mutane. Magangarar nan da ke Kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe na yau, tana da sunanta tun kafin zuwansa: Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Mutanen Kololo na Sarki Sekeletu ne suka ɗauke shi a kwalekwale suka kai shi wurin a watan Nuwamba na shekarar, shi kuma ya laƙaba masa sunan Sarauniyar Ingila. Wanda aka kama hannunsa aka nuna masa abu, ai Bahaushe ba zai ce ya gano shi ba, sai dai ya ce ya gani.

Hausa ba ta rasa mafita ba. Ana iya cewa "Livingstone ya isa magangarar a 1855", ko "aka kai shi", ko kuma "shi ne Bature na farko da aka san ya gan ta". Na fi son ta biyun, saboda wakilin sunan nan "aka" yana tilasta wa mai karatu ya tambaya: su wa suka kai shi?

Tambayar tana da amfani har ƙarshen labarinsa. Da ya mutu a 1873 a ƙauyen Chitambo, abokan tafiyarsa ne, ƙarƙashin jagorancin Susi da Chuma, suka ɗauki gawarsa a ƙafa na tsawon watanni har gaɓar teku a Bagamoyo, kafin a binne shi a Landan a 1874. Tun da gasar ta ƙungiya ce, ya kamata rahoton ya ambaci sunayen waɗannan ma.