Wasiƙa Ga Matasanmu Kan Gigin Tsufa

'Ya'yana maza da mata,

Ku ne kuke kai wa Kaka abinci ɗaki, ku ne kuke raka Baba masallaci, don haka ku ne za ku fara ganin abin da likita ba zai gani ba sai an yi nisa. Shi ya sa na ga ya dace in yi muku magana a kan gigin tsufa, wanda mutanenmu suka ɗauka dole ne ga duk wanda ya daɗe a duniya. Ba haka ba ne. Ciwo ne da yake cin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma tsofaffi da yawa sukan haura tamanin da hankalinsu garau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne suke fama da shi, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki, irin namu. Mafi yawansu cutar Alzheimer ce ke damunsu, mai ɗauke da sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Wani nau'in kuma daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa yake zuwa, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki.

Ba kowace mantuwa ce ciwo ba. Kowa yakan manta inda ya ajiye carbi, daga baya ya tuna. Abin lura shi ne Hajiya ta tambaye ki ko kin ci abinci, ki amsa, ta sake tambaya, ta kuma sakewa, alhali labarin bikin aurenta tana ba da shi tiryan-tiryan. Sabon abu ne yake fara zubewa, tsohon ya daɗe. Ko dattijon da ya shekara arba'in a kasuwa ya fara rikicewa wajen ba da canji. Ko ya fito daga masallacin unguwa ya rasa hanyar gida. Ko raka'o'in salla su riƙa kuɓuce masa fiye da da, sunan abu kamar buta ya maƙale masa a baki, ko a bar tukunya a wuta har ta ƙone ba sau ɗaya ba. Wani kuma halinsa ne yake juyawa: mai fara'a ya koma mafaɗaci, mai son jama'a ya ƙule a ɗaki, da magariba ta kawo jiki sai rikicin ya ƙaru.

Alamar da ta fi raba zumunci ita ce zargi. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce surukarta ce ta sace. Kada ku yi fushi, kada kuma ku tsaya musu da ita. Ku taya ta nema. Abin da ya fi wannan muni shi ne mu mu juya zargin kanta. Idan aka tsinci tsohuwa tana yawo da dare tana sambatu, nan da nan sai a ce mayya ce. A arewacin Ghana har sansanoni ake da su, irin na Gambaga, inda matan da aka kora da sunan maita suke fakewa. Wannan zalunci ne, ko a ina aka yi shi.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ku kai tsofaffinku da wuri, domin akwai abubuwan da suke kama da wannan ciwo amma suna warkewa: ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, ko tarin magungunan da ake sha barkatai. Idan ruɗewar ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, a tafi a ranar. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri suna duba irin wannan, haka ma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Cutar Alzheimer kanta ba ta da maganin warkewa tukuna, sai dai na sassauci.

To, ku fa? Shekaru da gado ba a hannunku suke ba, amma kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan ciwo. Akwai hawan jini da ciwon suga da ƙiba da taba da giya da rashin motsa jiki. Akwai ƙarancin ilimi tun yarinta, da kaɗaici, da gurɓatacciyar iska, da raunin ji da na gani da aka bari ba magani. Akwai buguwar kai, kuma a nan ina magana da ku masu hawa babur ba hular kwano, kuna ganin jarumta ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: hawan jinin da aka yi sakaci da shi a shekara arba'in yana iya zama ruɗewa a shekara saba'in.

Ku auna jinin iyayenku a kai a kai, naku ma haka. In Baba ya fara cewa "me ka ce?" a kowace magana, a duba kunnensa; in ganinsa ya ragu, a duba idonsa, in yanar ido ce, aikinta ba ya ɗaukar lokaci. Wanda kuma ya fara ɓacewa, ku rubuta sunansa da lambar wayar wani na gida ku sa masa a aljihu, ku sanar da maƙwabta da masu shagunan layin. Kuma kada ku bar wa mace ɗaya jinyar, ku riƙa karɓarta ta samu ta yi barci.

Wassalam,
Mahaifinku mai ƙaunarku.