Na Hana Kwalliyar Biki a Ofis, Kiristoci Sun Ja Jiki: Ina Mafita?

Tambaya: Ni manaja ne a wani kamfanin sayar da kayan gini a Kaduna. Mafi yawan ma'aikatanmu Musulmi ne, Kiristoci ba su fi huɗu ba. A Disambar bara wata ma'aikaciyarmu ta kawo 'yar bishiyar Kirsimeti da fitilu ta kafa a wurin karɓar baƙi. Wasu suka same ni suka ce abin bai kwanta musu ba, har wani ya ce kwastomomi za su ɗauka kamfanin ya canza hannu. Don in kashe wutar, sai na fitar da sanarwa cewa daga ranar babu kwalliyar kowane biki a ofis, na Musulmi ko na Kirista. Tun daga nan Kiristocin suka ja jiki, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni kuwa a ganina adalci na yi, tunda kowa na hana. Me ya kamata in yi?

Amsa: Niyyarka ba ta da aibi, amma sanarwar ba ta sauka a kan kowa daidai ba. Ka tambayi kanka: me Musulmin ofishinka suka rasa ranar da aka manna ta? Kusan babu. Musulmin ƙasar nan ba a bango yake nuna sallarsa ba. Tana cikin sabon ɗinki, da zuwa idi, da rabon nama, da yawon gaisuwa. Ka hana shi abin da dama ba ya yi. Ita kuwa wadda ta kawo bishiyar, abin da take yi ne ka hana ta.

Ka ƙara duba ofishin da idon waɗancan mutum huɗu. Ina kyautata zaton akwai wurin salla da butoci a jere, ana tashi da wuri ranar Juma'a, ana rage lokacin aiki da azumi, ana buɗe mitin da addu'a, wataƙila ma akwai kalanda mai hoton Ka'aba a bayan kanta. Ban ce a taɓa ko ɗaya ba, duk haƙƙi ne kuma daidai ne. Amma mai rinjaye ba ya ganin waɗannan a matsayin alamun addini, domin ya saba da su. Shi kuwa Kiristan yana ganinsu shekara cur bai ce uffan ba, sai nasa na mako uku ya zama abin fitar da sanarwa. Idan kana so ka ji yadda abin yake, ka tuna da ɗan'uwanka Musulmi da ke aiki a Anaca ko Fatakwal, a ofishin da ake fara kowace safiya da waƙoƙin ibada da tafi, amma ranar da ya shimfiɗa darduma a lungu aka ce masa ofis ba wurin addini ba ne.

Game da doka, babu wata da ta ba ma'aikaci ikon kafa bishiya a zauren mai kamfani ko ya so ko bai so ba. Wurin naku ne, ku ke tsara shi. Abin da doka ke kallo shi ne bambanci. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi, a ɓoye ko a sarari. Sashe na 42 ya hana wariya saboda addini, na 45 kuma ya yarda a taƙaita 'yancin idan akwai dalili irin na tsaron jama'a, ko lafiya, ko kare haƙƙin wasu. Ga ma'aikatun gwamnati akwai ƙarin sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Kada ka ce ai naku kamfani ne mai zaman kansa. Gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya a wurin aiki, kuma tun 2002 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana nuna bambancin addini a harkar aiki.

Turawa sun riga mu shiga wannan rigima. A 2006 kamfanin jiragen sama na British Airways ya hana wata ma'aikaciyarsa, Nadia Eweida, barin ɗan gicciyen wuyanta a fili, alhali yana barin masu hijabi da masu rawani su sa nasu. A 2013 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye mata haƙƙi. Kotun Tarayyar Turai kuma ta ce a 2017 kamfani na iya hana alamun addini gaba ɗaya idan dokar ta hau kan kowa, sannan a 2021 ta ƙara da cewa sai ya nuna yana da buƙatar yin hakan ta gaske. Hukuncinsu bai ɗaure mu ba, amma tambayar da za a yi maka a nan ma ita ce: wace ɓarna bishiyar ta yi wa ciniki ko aiki? Cewa wasu sun ɓata rai bai isa hujja ba.

Su ma masu ƙorafin kada ka yi watsi da su. Musulmin da ke gudun a ga kamar yana cikin bikin da bai yarda da shi ba, damuwarsa ta gaske ce. Sai dai a zauna da shi a rarrabe masa ganin abu da shiga cikinsa. Haƙƙinsa shi ne kada a sa shi ya yi, kada a karɓi kuɗinsa, kada a ɗora masa jar hular Kirsimeti don ɗaukar hoto. Bai kai ga a share alamar maƙwabcinsa daga gabansa ba.

Shawarata ita ce ka janye sanarwar, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka maye gurbinta da ƙa'idar da ta duba inda abu yake. Teburin mutum nasa ne: ya ajiye ɗan katinsa, ko 'yar kwalliya, ko carbi, muddin ba ya ƙara, bai tare hanya ba, kuma ba rubutun da ke zagin addinin wani ba ne. Fitilu masu walƙiya kana iya hana su da dalili mai ƙarfi, musamman inda ake ajiye fenti da katako, domin soket ɗaya da aka cika wa kaya ya isa ya ta da gobara. A wurin da kowa ke zama, kamar ɗakin cin abinci, a yi yarjejeniya: kwana nawa kafin biki, kwana nawa bayansa, wa zai cire, kuma lissafi ɗaya ga Sallah da Kirsimeti.

Wurin karɓar baƙi shi ne fuskar kamfani, kuma a nan ma'aikaciyar ta yi gaggawa da ta kafa abu ba ta nemi izini ba. Zaɓi biyu gare ku. Ko ku bar wurin wayam, to sai kalandar da duk wata sitikar addu'a su ma su koma ciki. Ko ku sa ɗan allon gaisuwa da kamfani zai riƙa canzawa: barka da Sallah a lokacinta, barka da Kirsimeti a lokacinsa, tunda gwamnati ma hutu take bayarwa ga duka biyun, da Maulidi da Ista. Ni na biyun na fi so a gari irin Kaduna. Tun rikicin 2000 garin ya kusa rabewa gida biyu, kogi a tsakiya, kuma ofis na cikin 'yan wuraren da suka rage inda mutumin Tudun Wada da na Sabon Tasha ke wuni tare. Mai sayen siminti daga kowane ɓangare zai ji daɗin ganin an san da shi.

Kafin ka rubuta komai, ka kira Kiristocin ɗaya bayan ɗaya a keɓe, kada ka tara su a gaban kowa a sa su kare addininsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma za ka iya shan mamaki. Ba kowane Kirista ke bikin Kirsimeti ba. Shaidun Jehobah ba sa yi, cocin Deeper Life ma haka. Wani kuma ranar Asabar ce ibadarsa. A cikin Musulmin ma, idan Rabi'ul Auwal ya kama, ɗan ɗariƙa zai so ya nuna murnar Maulidi, ɗan Izala na gefensa ba ya yi. Ƙa'idar da ka rubuta domin bishiya ita za ta raba maka wannan gardamar.

Sau da yawa ma ba kwalliyar ce ke ci wa Kiristocin tuwo a ƙwarya ba. Karo-karon dole ne, da ake cire wa kowa kuɗin buɗe-baki ko walimar ƙarshen shekara ba a tambaye shi ba. Jadawalin hutu ne, da yake barin Kirista a kanta ranar 24 ga Disamba yayin da motar ƙauyensu ke tashi. Mitin ne da ake sawa ranar Lahadi da safe. Waɗannan gyaransu ba ya cin ko sisi: karo-karo ya zama na ganin dama, a yi musanyar aiki kamar yadda ake yi a asibitoci da dama, Kiristoci su riƙe wuri da Sallah, Musulmi su riƙe da Kirsimeti, addu'ar buɗe taro kuma a riƙa juyawa ko kowa ya yi tasa a zuci. Kuma kada ka bari sai Disamba. Dokar da aka fitar ana saura kwana goma biki, kowa ya san da wa ake.

Ga ma'aikacin da ya tsinci kansa cikin 'yan tsiraru, Musulmi ne ko Kirista, ka nemi izini kafin ka kafa komai a wurin da ba teburinka ba. Idan aka hana ka abin da ake barin wasu, ka rubuta wa shugabanka cikin ladabi, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi. In ba a saurare ka ba, ka kai wa ƙungiyar ƙwadagonku ko ka ga lauya. Kotu ta zama matakin ƙarshe, kuma idan an je can takardar da ka ajiye za a fara tambayarka.