Kafin a Sa wa Haƙorinka Hula

Tsakuwa ɗaya a cikin shinkafa da wake ta isa. Haka ya faru da yayata bara: a loma ta uku ta ji ƙaras, ta tofar, sai ga ɓallin turminta na ƙasa a tafin hannu. Dama an taɓa cike haƙorin shekarun baya, cikon ya cinye fiye da rabinsa, abin da ya rage ɗan siririn bango ne kewaye da shi. Da muka je asibiti, ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Likita, a cire shi kawai in huta." Likitan ya duba, ya sa aka ɗauki hoto, ya ce, "Hajiya, saiwar nan lafiyarta ƙalau, asara ce a cire. Mu gyara shi mu sa masa hula." A hanyar gida ta juyo ta tambaye ni, "Wai irin haƙorin Makka yake nufi?"

Akwai kama, amma manufar daban ce. Hular haƙori, wadda a asibiti za ka ji suna ce wa kirawun, murfi ne da ake ƙerawa daidai siffar haƙorin mutum, a kifa shi a kan wanda ya raunana, ya rufe shi ruf tun daga sama har bakin dasashi. Dalilin buƙatarta yana cikin halittar haƙorin. Farin ɓawon waje ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya da bai kai shi ƙarfi ba, sannan a can tsakiya akwai ɓargo mai jijiyoyi da hanyoyin jini. Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Haƙori ba ya haɗewa, kuma ɓawon da ya tafi ya tafi ke nan.

Hausawa ba su yi kuskure ba da suka kira haƙoran tauna turame. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san abin da ake yi wa turmin da ya fara tsagewa: ana ɗaure cikinsa da langalanga, don kowane saukar taɓarya ƙara buɗe tsagar yake yi. Haƙorin da aka yi wa babban ciko haka yake. Cikon yana toshe rami, amma ba ya riƙe bangon da ke gefensa. Kowace tauna tana tura bangon waje, har ranar da zai ɓalle. Hula ita ce ɗaurin. Tana tattare haƙorin wuri ɗaya, nauyin tauna ya sauka a kanta ya bazu, maimakon ya raba shi biyu.

Waɗanda na fi jin tsoro a kansu su ne waɗanda aka yi wa aikin jijiya, wato aka buɗe haƙorin aka kwashe ɓargon da ya ruɓe, aka wanke, aka toshe saiwar. Da zarar an gama, zogi ya ɗauke, mutum ya sami barci, sai ya ɗauka magana ta ƙare, ya ƙi komawa a sa hular da aka ce masa. Alhali a lokacin ne haƙorin ya fi rauni: an rarake cikinsa, kuma ba shi da jijiyar da za ta yi masa ƙara in ya fara lalacewa. Wata shida, shekara guda, sai ya dare a kan ƙuli-ƙuli. In tsagar ta gangara cikin saiwa babu sauran dabara sai cirewa, kuɗin aikin jijiyar ma ya bi ruwa. In an yi maka wannan aiki a turmi, ka lissafa kuɗin hula tun farko a matsayin rabin maganin da bai kammala ba.

Ba kowane haƙori ne kuma ya cancanci hula ba. Ƙaramin kogo ciko ya ishe shi. Wani lokaci murfin da zai rufe saman haƙorin kaɗai ya wadatar, ba sai an kewaye shi duka ba, kuma yana da kyau ka tambaya ko hakan zai yiwu. A ɗaya ɓangaren, akwai haƙorin da ya wuce ceto. Hula tana buƙatar abin kamawa, aƙalla milimita 1.5 zuwa 2 na lafiyayyen haƙori a saman dasashi. In abin da ya rage kaɗan ne, likita kan kafa ɗan turke a cikin saiwar da aka yi wa aiki ya gina kai a kansa, amma turken ma ba ya maye gurbin haƙorin gaske. Wanda yake girgiɗi saboda ciwon dasashi kuwa, sai an fara magance dasashin; ba a ɗora jinka a kan ginin da tushensa ke zaizayewa.

Masu cewa a cire a huta, irin yayata, suna mantawa da abin da giɓi ke jawowa. Haƙoran gefe sukan karkato cikinsa a hankali, na sama ya zazzago ƙasa tunda ba abin da ke tare shi, tauna ta koma gefe ɗaya. Cike giɓin daga baya ya fi tsada, ko dai a fere haƙora biyu na gefe a yi gada, ko a dasa ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi. Saiwarka ta asali, muddin tana da lafiya, ta fi duk abin da za a saya maka.

Sai dai hula ma tana da farashin da haƙori ke biya da jikinsa. Kafin ta zauna sai an fere shi ta kowane gefe, kimanin milimita 1 zuwa 2 gwargwadon irin hular, kuma ba a mayar da abin da aka fere. Haƙorin da aka taɓa sa wa hula zai zauna da hula har ƙarshensa. Wani lokaci ma jijiyar haƙori mai rai takan mutu daga baya saboda wahalar da ta sha. Wannan ne ya sa zuciyata ba ta kwanta da a taɓa lafiyayyen haƙori don ado kawai ba. Na san darajar haƙorin Makka a wurinmu. Na tashi ina ganinsa a bakin kakata, kuma murmushinta da shi nake tunawa. Amma murfin da aka zura cikin gaggawa, ba tare da an ɗauki awon haƙorin ba, yakan bar 'yar kafa a bakin dasashi. Abinci ya maƙale a wurin, buroshi bai kai ba, haƙori ya yi ta ruɓewa a ɓoye yayin da waje ke ƙyalli. Garin neman gira ake rasa ido. Wanda yake da shi a baki, in yana jin wari daga wurin, ko dasashin yana jini ko ya yi duhu, ya je a duba masa. Ba lallai ne a raba shi da shi ba; sau da yawa gyara ake yi a sake ƙera wanda ya dace.

Da me za a ƙera hular? A nan wurin da haƙorin yake shi ne alƙali. Hular ƙarfe zalla ta fi juriya, kuma ba ta buƙatar fira mai yawa. Ta gwal da aka gauraya da wasu ƙarafa, don gwal zalla ya yi laushi, tana cikin waɗanda suka fi daɗewa, ba ta kuma cin haƙorin da take karo da shi. Aibinta launi da tsada, shi ya sa ta fi dacewa da turamen can ciki. Namiji da ke da damuwa game da hukuncin gwal ya tambayi malaminsa, tunda ga wasu zaɓuɓɓuka. Akwai ta tangaran da aka gasa a kan ƙarfe, wadda aka daɗe ana amfani da ita tun shekarun 1960: fara ce a waje, ƙarfe a ciki. Tana aiki sosai, sai dai tangaran ɗin kan ɓantare, kuma in dasashi ya ja baya da shekaru wani baƙin layi kan bayyana a gindinta. Ta tangaran zalla ta fi kama da haƙorin gaske domin haske na ratsa ta, don haka ita ake so a gaba. Sai zakoniya, fara mai tsananin ƙarfi, wadda yanzu ake yawan sa wa turame. Abu ɗaya da mata musamman za su kula da shi: in 'yan kunne ko sarƙa masu araha suna sa miki ƙaiƙayi da ƙuraje, ki faɗa wa likita, domin wasu ƙarafan hula suna da sinadarin nikel, wanda shi ne yakan jawo hakan.

Aikin yawanci zuwa biyu ne. A na farko za a yi allurar kashe zafi, a kwashe ruɓa, a fere haƙorin, sannan a ɗauki siffarsa, ko da wani abu mai laushi kamar ƙullu da ke daskarewa a baki, ko da 'yar kyamara mai aika hoto cikin kwamfuta. Daga nan mai ƙera haƙora zai yi nasa aikin, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Akwai na'urar da ke sassaƙa hula a rana guda, wadda aka fara gwadawa a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1985, amma ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma rashinta ba ya rage ingancin aiki. Kafin hular gaske ta iso za a sa maka ta wucin gadi da manne mai rauni. Kada ka yarda a sallame ka da fereren haƙori tsirara: zai yi ta tsami, kuma zai iya gusawa har hular ta ƙi zama. A kwanakin nan ka yi tauna ta ɗaya gefen, ka bar cingam da iloka da duk abin da ke danƙo.

Ranar sawa ita ce ranar da bakinka ya kamata ya buɗe, domin mu Hausawa kunyar likita takan cuce mu. Kafin a manne, ka karɓi madubi ka duba launin, in da hali kusa da taga. Launin hula ba ya canzawa, maganin hasken haƙora ba ya kama ta, don haka mai niyyar wanke dattin goro ko taba ya yi kafin a zaɓi launi. Ka cije a hankali. In ka ji ita ce take fara taɓawa kafin sauran haƙora, ta yi tudu, ka faɗa. Gyaran minti kaɗan ne, barinsa kuwa ciwo ne na makonni. Ka nemi a zura zaren sakace a tsakaninta da maƙwabtanta, ya shiga da ɗan ƙarfi, ba ya faɗa sakaka ba. Ɗan tsami da ruwan sanyi na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne. Zogin da ke tayar da mutum cikin dare shi ne abin komawa.

Wa zai yi aikin? Likitan haƙori mai rajista. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, kuma ba rashin ladabi ba ne ka tambaya. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri, suna da sashen haƙori. Duk inda ka je, ka nemi jimillar kuɗi tun farko: hoto, aikin jijiya in akwai, turke, hular wucin gadi da ta dindindin. Wanda ya ce zai sa maka hula bai ɗauki hoton saiwa ba, ka yi masa godiya ka tashi. Araha ba ta ado, balle a baki.

Hula kan yi shekara 5 zuwa 15, da yawa suna wuce haka, kuma abin da ke kashe ta ba safai yake fitowa daga jikinta ba. Ita ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa, kuma ta wurin da ta haɗu da dasashi ɓarnar ke shiga. Can za ka karkata buroshi, sau biyu a rana, minti biyu, da man goge baki mai fuloraid. Duba jikin kwalin, na manya yakan nuna 1450 ppm ko kusa da haka. Ka tofar kawai, kada ka kuskure baki nan take, don maganin ya zauna. Asuwaki yana da kyau, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, tsinke kuma yana raunata dasashi. Zare ya fi. Buɗe kwalba da haƙori, tauna ƙanƙara, fasa ƙashi da gwaguyar goruba, a bar su. In maiɗakinka ta ce kana gurza haƙora cikin barci, ka gaya wa likita ya yi maka robar da ake kwana da ita.

Iyaye kuma kada su yi mamaki in an ce za a sa wa yaro hular ƙarfe a haƙorin nono. Turamen yara ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, kuma su ne ke riƙe wa na dindindin wuri. Hular za ta fita tare da haƙorin in lokacinsa ya yi.

In wata rana hularka ta fita, kada ka jefar, kada kuma ka kusance ta da sufa gulu. Ka wanke ta, ka sa a ɗan ƙyalle ko leda, ka kai wa likita cikin 'yan kwanaki, domin in haƙorin bai lalace ba mayar da ita kawai za a yi. In tana motsi, ka cire ta kafin ka kwanta. Wanda ya haɗiye ta, yawanci takan fita da kanta, amma in tari ko sarƙewar numfashi ya biyo baya, asibiti nan take. Haka nan kumburin fuska da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya da buɗe baki: wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, musamman ga mai ciwon suga.