Yadda ake sa wa WhatsApp makulli na biyu

Yawancin masu ƙwace WhatsApp ba wata gwanintar kutse gare su ba. Kira suke yi, su ce daga guruf ɗin makaranta ne, za a yi taro ta intanet, a karanto musu lambobi shida da suka shigo ta tes. Da zarar an karanta, asusun ya koma wayarsu, sai su bi 'yan uwa da abokai da roƙon a turo kuɗi.

Tun 2017 WhatsApp ya fito da maganin wannan. A shiga Settings, a taɓa Account, sannan Two-step verification, a kunna. Zai nemi mai wayar ya ƙirƙiri nasa lambobin sirri guda shida. Daga nan ko ɓarawo ya samu lambar tes, a ƙofa ta biyu zai maƙale.

Kada a sa 123456 ko ranar haihuwa. Wurin da ake neman imel kuwa, mutane da yawa tsallakewa suke yi, kuma kuskure ne: wanda ya manta lambobinsa bai sa imel ba, sai ya jira kwana 7 kafin ya iya sauya su.