Amsoshin Tambayoyinku: Sake Aure da Jibin Ubangiji

Wata mai sauraronmu daga Omdurman tana tambaya ko 'yar Katolikar da ta sake aure za ta karɓi Jibin Ubangiji.

To 'yar'uwa, in mijin farko ya rasu, babu shamaki. In yana raye, coci na ganin igiyar auren ba ta tsinke ba ko da alƙali ya raba su, don haka ba a ba ta Jibi, sai kotun coci ta tabbatar auren tun asali bai ƙullu ba. Sai dai a 2016 Fafaroma Francis ya ba da damar duba halin kowa tare da limaminsa.

Abin tausayi, yaƙin da ya ɓarke a Khartoum a Afrilun 2023 ya ɓatar da mazaje. In babu takardar mutuwa, sai bishop ya bincika ya tabbatar da rasuwar kafin mace ta sake aure.