Darasin Lambu: Aikin Ƙarshen Damina Shi Ne Miyar Rani



Watan Agusta ya ja baya, marka ta fara sassautawa. A nan yankin Maradi ruwa kan ɗauke wajen ƙarshen Satumba, kuma ba ya dawowa sai wajen Yuni. Ke nan akwai kusan wata 8 a gabanmu da ɗanyen ganye zai yi wuya, ya kuma yi tsada a kasuwa.

Mun san yawancinku manoma ne tun daga gida, a Sakkwato, Zamfara da Katsina, don haka ba noma za mu koya muku ba. Sai dai lambun bayan ɗaki ya bambanta da gonar da aka baro: wurin kaɗan ne, ƙasar jigawa ce, ruwan kuma a jarka ake ɗauko shi. Taimakon da ake samu yakan ƙare a hatsi da mai. Ganye kuwa, irin su zogale, alayyafo, rama, lalo da yakuwa, shi ke taimaka wa jinin mai ciki da mai shayarwa, ya kuma kare idon yaro daga dundumi. Abin da aka yi a makonnin nan shi zai nuna ko yara za su ci tuwo da miya mai kyau a watan Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Kada ruwa ya kwanta

Bayan kowane ruwan sama a zagaya lambu. Inda ruwa ya kwanta, a ja masa hanya da fartanya, amma kada a tura shi ɗakin maƙwabci. Tumatir da barkono ba sa jure kwanciyar ruwa, saiwarsu kan ruɓe cikin 'yan kwanaki. A ɗaga kunya, a tara ƙasa a gindin shuka.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan girma. Sauro kan yi ƙwai a ruwan da ya tsaya, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama mai cizo, kuma yanzu ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. A kife gwangwani, tsohuwar roba da fasasshen tulu. A rufe duk abin da aka tara ruwan ban-ruwa a ciki. Muna kuma roƙo: gidan sauron da aka raba na kwanciya ne, kada a yi wa lambu shinge da shi. Karan gero da ƙaya sun isa tare awaki.

Idan ruwa ya kwaso ƙazanta daga masai ya bi ta lambu, kada a ci ganyen wurin ɗanye ko a kwaɗo. A wanke da ruwa mai tsabta, a dafa sosai, a kuma sanar da masu kula da tsabtar sansani.

2. A riƙa tsinka a kai a kai

Kuɓewa, ko guro kamar yadda wasunmu ke cewa, tana son a tsinke ta duk bayan kwana 2, tun tana tsawon yatsa. In aka bar 'ya'yan suka ƙosa a jiki, uwar takan rage yin sababbi. Alayyafo da rama a riƙa yanke kansu, a bar gindin da ganye kaɗan, za su sake tofo. Zogalen da ya wuce kan mutum a sare shi daidai ƙugu. Zai yi rassa da yawa, hannu kuma ya riƙa kaiwa ga ganyen.

3. Ƙwari da cutar ganye

Da safe a riƙa juya ganye ana duba ƙarƙashinsa, domin nan ƙananan ƙwari ke taruwa suna tsotsar ruwan shuka. A ƙaramin lambu hannu ma magani ne: a cire tsutsa, a kashe. Ganyen tumatir na ƙasa da ya yi ɗigo-ɗigo baƙi ko ruwan ɗorawa, a cire shi a kai nesa. A kafa wa tumatir sanda a ɗaure, kada 'ya'yansa su taɓa ƙasa.

Ga maganin da ba ya cin kuɗi: a daka ganyen darbejiya kimanin kilo 1, a jiƙa a ruwa lita 5 ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye, a yayyafa da yamma sama da ƙasan ganyen. A maimaita bayan mako ɗaya, ko in ruwan sama ya wanke shi. A wanke ganyen miya sosai kafin a dafa, saboda ɗaci.

Kada a sayi maganin ƙwarin da ake tsiyayawa a kwalba babu takarda a kasuwa. Ba a san ƙarfinsa ba, kuma lambunmu a tsakiyar yara yake. Kada kuma a zuba ruwa ko mai a robar da aka taɓa sa maganin ƙwari.

4. Busarwa

Yanzu da ganye ya yi yawa ne lokacin ajiya. A tsinko da safe, a wanke, a tsane, a baza shi siriri a kan tabarma ko faifai mai tsabta, sama da ƙasa, inda kaji ba sa kaiwa. Ganye a inuwa ake busar da shi, wurin da iska ke ratsawa. Rana mai zafi takan kashe korensa, ta rage masa amfani. Kuɓewa da tumatir kuwa a yanka su sirara a shanya a rana, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda, a shigar da su ɗaki kafin raɓa ta sauka.

Ganye ya bushe idan yana murmushewa a hannu. Kuɓewa ta bushe idan tana karyewa. Abin da ya yi fumfuna a zubar, kada a ce asara. A ajiye busasshen a tulu ko roba mai murfi. Cokali ɗaya na garin zogale a kunun yaron da ya wuce wata 6 ƙari ne mai kyau, tare da nonon uwa.

5. A fitar da iri

Ba kowace shekara ake samun rabon iri ba. A zaɓi shuka 2 ko 3 mafi lafiya da yawan 'ya'ya, a ɗaura musu tsumma don yara su san ba na tsinka ba ne. A bar kuɓewar ta bushe a jikinta har ta fara tsagewa. Haka yakuwa, wake da barkono. Tumatir a bari ya nuna sosai, a matse 'ya'yan, a wanke, a busar a inuwa. In iri ya bushe ƙarau, a gauraya shi da toka mai sanyi, a zuba a kwalba a toshe, a ajiye inda babu zafi. Irin fakiti mai alamar F1 ba a ɗibar iri daga gare shi, domin abin da zai fito ba zai yi kamar uwarsa ba. Wanda ya taho da irin gida, ya raba wa maƙwabta kaɗan. In nasa ya lalace, zai samu a wurinsu.

6. Shirin lambun sanyi

Sanyin hunturu ya fi damina dacewa da tumatir, albasa, latas da kabeji. Tun yanzu a haƙa rami a tara ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba, da kashin awaki da toka, a riƙa ɗan jiƙawa ana juyawa. Cikin wata 2 zuwa 3 zai zama taki. Ɗanyen kashi yakan ƙone saiwa.

Da ruwa ya ɗauke, a yi ƙaramin fangalin reno, a yi masa rumfar ciyawa. Tumatir yakan isa dashe bayan mako 3 zuwa 4, albasa kuma, irin ta Galmi da aka sani a ƙasar nan, bayan mako 6 zuwa 7. Kada a mai da tumatir inda aka cire tumatir ko kuɓewa, musamman in an ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle. A sa albasa a wurin.

Kowa ya auna lambunsa da ruwan da zai iya samu, ba tare da an rage na sha ba. Fangali ɗaya mai samun ruwa ya fi uku masu ƙishi. Ruwan alwala da na ɗauraye kwano yana da amfani, a zuba shi a gindin shuka. Ban da ruwan wankin tsumman jariri. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Wanda ba shi da fili ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ya huda ƙasansa, ya shuka alayyafo a bakin ƙofa.

A wannan mako muna roƙon kowane gida ya yi abu uku: ya kife abin da ke tara ruwa, ya shanya ganye ko da faifai ɗaya ne, ya ɗaura wa shukar iri alama. A kuma leƙa lambun tsofaffi da marasa lafiya a taya su. Mai tambaya ya samu wakilin unguwarsu ko ma'aikatanmu na fannin noma.

Allah ya sa mu ga kaka lafiya, ya mai da kowa gida cikin aminci.